CFD, kwantiragin Chicago ko ETF: wanne ke barin mutum da jarinsa idan kasuwa ta hautsine?

Ranar Laraba 2 ga Afrilun 2025, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin darajar manyan kamfanoni 500 na Amurka, ya rufe a maki 5,670. Ana tashi daga kasuwa Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon haraji kan kayan da ake shigarwa ƙasar daga kusan ko'ina a duniya. Alhamis ma'aunin ya zube da kashi 4.8 cikin ɗari. Juma'a ya ƙara zubewa da kusan kashi 6, ya tsaya a 5,074. Litinin da safe ya gangara har 4,835, sai jita-jita ta bazu cewa za a jingine harajin na kwana 90. Cikin ƙasa da awa guda kasuwa ta yi sama da fiye da kashi 8, fadar shugaban ta ce labarin ƙanzon kurege ne, farashi ya sake rikitowa. Ranar Laraba 9 ga wata kuma Trump da kansa ya sanar da jingine mafi yawan harajin, ma'aunin ya tashi da kashi 9.5 a yini guda, ya rufe a 5,456. Rabon da a ga irin wannan tashi tun 2008.

A ɗauka mutum uku sun zauna da yammacin waccan Juma'ar, kowa da dala 1,000, kuma dukkansu ra'ayinsu ɗaya: faɗuwar ta yi yawa, kasuwa za ta farfaɗo. Hasashensu daidai ne, domin daga 5,074 zuwa 5,456 tashin kashi 7.5 ne cikin kwanakin kasuwa uku.

Na farko ya sayi ETF, wato yanki a asusun da ke riƙe da hannayen jarin kamfanonin da ke cikin ma'aunin, da kuɗinsa kawai. Litinin da safe ya ga dala dubunsa ta koma kimanin 953, ransa ya ɓaci, amma ba wanda ya taɓa masa kaya. Laraba da dare yana da kimanin 1,075. Na biyu ya shiga ta CFD, yarjejeniya da dillali kan bambancin farashi, da ninki 20, wato dala dubunsa ta riƙe cinikin dala 20,000. Kafin ma'aunin ya kai 4,835 dillali ya riga ya rufe masa ciniki, rabin jarinsa ko fiye ya tafi, tashin Laraba ya same shi a waje. Na uku ya so ya ɗauki ƙaramin kwantiragin kasuwar Chicago guda ɗaya, yarjejeniya kan farashin ma'aunin zuwa wata rana a gaba, wanda kowane maki a cikinsa dala 5 ne. Kuɗinsa ma bai kai abin da ake nema a ajiye don kwana da kwantiragin ba. Da a ce an bar shi, gangarar Litinin ta maki 239 asarar kimanin dala 1,195 ce, ta haura jarinsa gaba ɗaya. Amma da dala 10,000 yake da ita, da ya jure, ya fita da ribar kimanin dala 1,900.

Abin da ya raba su ba ilimin karanta jadawalin farashi ba ne. Ƙofar da kowa ya bi ya shiga ce, da girman abin da ya ɗauka idan aka kwatanta da aljihunsa. Shi ya sa nake ganin tambayar da ya kamata mai shirin wannan harka ya fara yi ba "sama za ta yi ko ƙasa?" ba ce. Tambayar ita ce wace hanya ce za ta bar shi a tsaye idan kasuwa ta fara yin gaba da shi kafin ta juyo.

CFD, ƙofar da ta fi sauƙin shiga

Wannan ita ce hanyar da akasarin matasanmu ke bi, ko sun san sunanta ko ba su sani ba. Duk wanda ya buɗe manhajar ciniki ta MetaTrader ya ga sunayen ma'aunai irin su US30, NAS100, US500 ko GER40, to CFD yake kallo. Ba hannun jari kake saya ba. Yarjejeniya ce tsakaninka da dillali: idan farashi ya yi inda ka ce, ya biya ka bambancin, idan ya saɓa, ka biya shi.

Tana da abubuwan da suka sa ake sonta, kuma na gaskiya ne. Da kuɗi kaɗan ake buɗe asusu. Ana iya yanka ciniki ƙanana sosai, abin da kwantiragin Chicago ba ya bari. Cin riba daga faɗuwar kasuwa danna maɓalli ɗaya ne, kamar yadda yake a tashinta.

Matsalar tana cikin ninkin. A 2018 hukumar ESMA mai kula da kasuwannin kuɗi na Tarayyar Turai ta ƙayyade wa ƙananan 'yan kasuwa ninki 20 a manyan ma'aunai. Ta tilasta wa dillalai su rufe ciniki idan kuɗin asusu ya sauka zuwa rabin abin da aka ajiye a matsayin kafin alƙalami, ta hana a bi mutum bashi fiye da abin da ya zuba, ta kuma sa kowane dillali ya rubuta ƙarara kashi nawa na abokan cinikinsa ke asara. Alƙaluman da hukumar ta dogara da su sun nuna tsakanin kashi 74 zuwa 89 na irin waɗannan asusu asara suke yi. Amurka kuwa, mai ma'aunan da ake ta ciniki a kansu, ba ta yarda a sayar wa ƙananan 'yan kasuwarta CFD ba sam. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Yawancin dillalan da ke tallata kansu a wayoyinmu ba ƙarƙashin dokar Turai suke rajistar mu ba. Ta wani reshe suke bi a tsibiran da dokarsu ta fi sassauci, su ba da ninki 200 ko 500. Lissafin ba wuya: a ninki 200, motsin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya cinye kafin alƙalamin duka. A makon da muka ambata, ma'aunin na yin irin wannan motsi kafin mutum ya gama shan shayi.

Akwai kuma abin da ba a gani sai ranar tashin hankali. Tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa dillali ne ke sa ta, kuma yana buɗe ta lokacin manyan labarai da tsakar dare. Umarnin tsaida asara da ka sa ba alƙawari ba ne cewa a nan za a fitar da kai. Idan kasuwa ta rufe Juma'a a wani farashi ta buɗe daren Lahadi can ƙasa, a farashin da aka samu za a sayar maka. Sannan duk daren da ka kwana da ciniki a buɗe ana cire kuɗin kwana, wanda asalinsa ruwa ne kan adadin da aka ara maka. Wani abu da nake so kowa ya riƙe shi ne, a CFD dillalinka shi ne abokin cinikinka. Da yawansu ba sa kai cinikin ko'ina, a littafinsu yake tsayawa, asararka ribarsu ce. Wannan ba ya nufin kowane dillali macuci ne, amma ya nuna wace hukuma ce ke sa masa ido ba ƙaramar magana ba ce.

Kafin mu wuce, kada a haɗa waɗannan da abubuwa irin su Volatility 75 ko Boom da Crash da suka yi kasuwa a tsakanin matasa. Su ba ma'aunin wata kasuwar hannayen jari ba ne. Kwamfuta ce ke fitar da lambobinsu, kamar yadda masu su ke faɗa da bakinsu. Ba kamfani a bayansu, ba tattalin arziki, ba labarin da za ka karanta ya taimake ka.

Kwantiragin Chicago

A nan ne farashin gaskiya yake, domin CFD ɗin ma daga nan dillalai ke kwafo nasu. Kasuwar CME ta Chicago ta fito da E-mini na S&P 500 a 1997, kowane maki dala 50. A watan Mayun 2019 ta ƙaro Micro E-mini, kashi ɗaya cikin goma na babban, maki dala 5. Na Nasdaq-100 kuma babban dala 20 ne, ƙaramin dala 2. Kwantiragin na ƙarewa sau huɗu a shekara, a Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma ana ciniki kusan dare da rana daga yammacin Lahadi zuwa Juma'a agogon Amurka.

Ta fuskar gaskiyar ciniki ta fi CFD nesa ba kusa ba. Kowa farashi ɗaya yake gani, cinikinka da wani ɗan kasuwa ne, kuma akwai cibiyar da ke tsaye a tsakani tana tabbatar da an biya. Tazarar saye da sayarwa a kwantiragin S&P yawanci rubu'in maki ce, wato dala 1.25 a ƙaramin, ko da yake ita ma takan buɗe idan abu ya ɓaci. Ba a cire kuɗin kwana kullum, an riga an cusa shi cikin farashin.

Sai dai kalmar "ƙarami" tana yaudara. Idan ma'aunin yana 5,000, ƙaramin kwantiragi ɗaya kaya ne na dala 25,000, babban kuma na 250,000, kuma ba a raba shi biyu. Ranar 9 ga Afrilu ma'aunin ya tashi da maki 474. Wanda ya sayar da ƙaramin guda ɗaya, wato ya yi hasashen faɗuwa, ya bar shi a buɗe ya yi asarar kimanin dala 2,370, mai babban kuma 23,700. Wasu dillalai na barin mutum ya shiga da rana da 'yan daloli ƙalilan muddin zai fita kafin a rufe, kuma wannan ya mayar da kwantiragin daidai da CFD mai ninki ɗaruruwa. Bugu da ƙari, CME na ɗaga kuɗin kafin alƙalami idan kasuwa ta rikice, kamar yadda ta yi a Maris ɗin 2020. Wato lokacin da asusunka ke raguwa ne za a ce ka ƙaro kuɗi. Kuma a nan ba wata doka da ta hana a bi ka bashi idan asara ta zarce abin da ka ajiye.

Mafi kyawun hujja kan yadda wannan harka ke kaya wa talaka daga Birazil ta zo. Masana uku, Chague, De-Losso da Giovannetti, sun bi sawun mutanen da suka fara cinikin yini-yini na ƙaramin kwantiragin ma'aunin Ibovespa tsakanin 2013 da 2015. A cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 asara suka yi, kashi 1.1 kacal suka samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. Ba a samu alamar cewa daɗewa a ciki na sa a ƙware ba. Waɗannan mutane a kasuwa mai tsari suke, ba wanda ya murɗe musu farashi. Kuɗin dillanci da gogayya da manyan kamfanoni masu kwamfutoci ne suka ƙarar da su.

ETF

ETF asusu ne da ya sayi hannayen jarin kamfanonin da ke cikin ma'auni, kai kuma ka sayi yanki a cikinsa kamar yadda ake sayen hannun jarin kowane kamfani. SPY, mai bin S&P 500, tun Janairun 1993 yake. QQQ, mai bin Nasdaq-100, ya zo a 1999. Idan da kuɗinka ka saya, ba mai kiranka ya ce ka ƙaro, ba mai rufe maka ciniki, ba kuɗin kwana. Kamar wanda ya sayi buhun masara ne da kuɗinsa ya ajiye a ɗaki: farashi na iya karyewa ya ji zafi, amma shi zai zaɓi ranar da zai fitar.

Aibinsa a bayyane yake. Riba kaɗan ce idan jari kaɗan ne, dala 75 a misalinmu, kuma wannan ne ke kora mutane zuwa CFD. Cikakken cinikinsa a lokacin da kasuwar New York ke buɗe ne, don haka idan labari ya fashe da dare sai dai ka wayi gari ka tarar da giɓi. Wanda ke zuba naira kuma yana da wani lissafin na canji shiga da fita, wanda kan cinye ribar 'yan kwanaki.

Wanda nake jan kunne a kansa shi ne ETF mai ninki, irin su TQQQ da ke ninka motsin Nasdaq-100 sau uku. Ninkin na yini ɗaya ne, kullum ana sake lissafi. A ce ma'auni ya faɗi da kashi 10 yau, gobe ya tashi da kashi 11.1, ya koma inda yake. Mai ninki uku ya faɗi da kashi 30, ya tashi da 33.3, dala 100 ta koma kimanin 93. Kasuwa ba ta je ko'ina ba, shi ya yi asarar kusan kashi 7. Kai-kawo shi ne abin da ke cinye irin wannan asusu, kuma kai-kawo ne ainihin halin kasuwar da muke magana a kai.

Akwai hanya ta huɗu, kwantiragin zaɓi, wato biyan kuɗi don samun damar saye ko sayarwa a wani farashi ba tare da tilas ba, inda mai saye ba ya asarar fiye da abin da ya biya. Tun 2022 akwai na S&P 500 mai ƙarewa a kowace ranar kasuwa. Amma farashinsa na tashi tare da tsoron jama'a, don haka a tsakiyar rikici da tsada za ka saya, kuma hankali na kwantawa darajarsa ta narke ko da hasashenka ya yi daidai. Ba wurin farawa ba ne.

Shi kansa ma'aunin da za a zaɓa yana da tasiri. Nasdaq-100 cike yake da kamfanonin fasaha, ya fi S&P 500 tsalle sama da ƙasa. Dow Jones, wato US30, kamfanoni 30 ne kawai, kuma da farashin hannun jari ake auna nauyinsu maimakon girman kamfani, shi ya sa kamfani ɗaya mai tsadar hannun jari kan ja shi inda ya so. S&P 500 ya fi su faɗi da yawan masu ciniki. A kansa ne ma aka ɗora birkin kasuwar Amurka: faɗuwar kashi 7 ko 13 na sa a dakata na minti 15, kashi 20 kuma a tashi gaba ɗaya. An taka birkin farko har sau huɗu a Maris ɗin 2020, ranakun 9, 12, 16 da 18. Birkin nan na kasuwa ne, ba na asusunka ba. Mai ninki 20 an daɗe da fitar da shi kafin a kai kashi 7.

Ga mai zaune a Najeriya ko Nijar, kasuwar New York na buɗewa ƙarfe 2:30 na rana ta rufe 9:00 na dare daga Maris zuwa farkon Nuwamba, a sauran watanni kuma komai ya matsa da awa ɗaya. Alƙaluman hauhawar farashi da na ayyukan yi na fita awa guda kafin buɗewa, hukuncin babban bankin Amurka kan kuɗin ruwa kuma awa biyu kafin rufewa. Waɗannan su ne mintunan da tazara ke buɗewa, umarni ke zamewa. Wanda intanet ɗinsa ke yankewa ko cajinsa ke ƙarewa a irin wannan lokaci, bai kamata ya riƙe ciniki mai ninki ba ko na minti biyar.

Ga Musulmi akwai abin da ke gaba da duk wannan lissafi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa saye da sayar da ma'auni kansa bai halatta ba, domin caca ce kuma sayar da abin da babu shi ne. Ta yi irin wannan hukunci kan kwantiragin zaɓi da kwantiragin gaba, irin na Chicago, da ba a nufin karɓar kaya a ƙarshensa. Asusun da dillalai ke kira na Musulunci kuɗin kwana kawai yake cirewa, wani lokaci ma a dawo da shi da wani suna, bai mayar da kai mai mallakar komai ba. ETF ne kaɗai a cikin hanyoyin nan ke da dukiya ta zahiri a bayansa, amma SPY na ɗauke da bankunan ruwa da kamfanonin giya. Saboda haka aka kafa waɗanda aka tace, irin su SPUS da HLAL a Amurka, duka a 2019, da Lotus Halal a kasuwar hannayen jari ta Najeriya. Mai wannan damuwa ya zauna da malamin da ya san mu'amalar zamani kafin ya buɗe asusu, ba bayan ya zuba kuɗi ba.

Ni dai a ganina, mai jarin da bai wuce 'yan dubban daloli ba, ETF marar ninki ne nasa, ya haƙura da ƙaramar riba. Kwantiragin Chicago na mai jari ne da ya kai aƙalla dala dubu goma zuwa sama, wanda zai zauna gaban allo, ba ya kwana da ciniki a makon rikici, kuma ya amince cewa alƙaluman Birazil na iya haɗawa da shi. CFD kuwa babban alfanunsa shi ne damar yanka ciniki ƙanana. Wanda zai yi amfani da ita don ya rage girman abin da ya ɗauka, a hannun dillali mai lasisin hukuma mai ƙarfi, yana da hujja. Wanda zai yi amfani da ita don dala 100 ta zama 1,000 kafin ƙarshen wata, shi ne wanda ake ƙirgawa cikin kashi 74 zuwa 89 ɗin nan.

Akwai lissafi ɗaya da ke raba gardama kafin a danna komai. Ma'aunin VIX na kasuwar Cboe yana nuna irin motsin da 'yan kasuwa ke tsammani a S&P 500. Idan ka raba shi da 16 za ka samu kimanin motsin yini ɗaya. VIX na 16 na nufin kusan kashi 1 a rana. Ranar 8 ga Afrilun 2025 ya rufe sama da 52, wato fiye da kashi 3, ranar 16 ga Maris ɗin 2020 kuma ya rufe a 82.69. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: cinikin da ya dace da VIX 16 sai an rage shi zuwa kashi ɗaya cikin uku idan ya kai 48.

A ce kana da dala 2,000, ka yanke ba za ka yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ba, wato dala 20. VIX na 48, ma'auni na 5,000, motsin yini kimanin maki 150 ke nan. A ƙaramin kwantiragin Chicago dala 20 maki huɗu ce, abin da kasuwa ke shafewa cikin daƙiƙu a irin wannan rana, don haka wannan ƙofa a rufe take gare ka. Idan za ka ba cinikin sararin motsin yini guda, kashi 3, to abin da za ka iya riƙewa bai wuce na dala 650 zuwa 670 ba. Wannan adadi bai kai ko rabin kuɗin da ke hannunka ba, kuma ETF za ka saya da shi ba tare da aron sisi daga kowa ba.